Amanar Bayanan Jama'a a Hannun Ma'aikatan Gidan Waya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in yi tsokaci a kan wani nauyi da ya ƙaru a wuyan ma'aikatan gidan waya na Najeriya tun daga watan Yunin 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanya hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a. An yi ta magana a kan yadda wannan doka ta shafi bankuna da kamfanonin sadarwa da masu ba da rance ta wayar hannu, amma ba kasafai ake ambaton gidan waya ba, alhali kuwa NIPOST, hukumar gidan waya ta ƙasa, tana cikin tsofaffin ma'aikatun da ke riƙe da sunaye da adireshin mutane a ƙasar nan. Abin da nake son faɗa shi ne, tsohuwar ƙa'idar da kowane ma'aikacin gidan waya ya sani, wato kada ka buɗe ambulan ɗin da ba naka ba, ba ta wadatar a yau, domin mafi yawan abin da zai iya cutar da mai aika saƙo yanzu yana rubuce ne a bayan ambulan, da cikin fom, da littafin rajista, da kuma kwamfutar da ke kan kanta.

Ita tsohuwar ƙa'idar tana da tushe mai ƙarfi, kuma ba na raina ta. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba da tabbacin kare sirrin 'yan ƙasa, da na gidajensu, da wasiƙunsu, da maganganunsu na tarho, da saƙonninsu na waya. Dokokin hukunta laifuffuka sun daɗe da mayar da buɗe wasiƙar wani, ko ɓoye ta, ko lalata ta, laifi, musamman idan wanda ya aikata ma'aikacin gidan waya ne. Tun zamanin da ake kiran ma'aikatar P da T, kafin a raba ta a 1985 a fitar da NIPOST da NITEL mai kula da tarho, ana horar da akawu da masinja a kan cewa ambulan da aka liƙe aka manna masa kan sarki ba ya buɗuwa sai a hannun mai shi. Dattawanmu da suka yi wannan aiki sun riƙe shi da mutunci, har ya kasance a garuruwa da dama ma'aikacin gidan waya yana cikin mutanen da ake ba ajiya. Sai dai aikin da ake yi a kan kanta ya sauya ƙwarai, horon kuma, a ganina, bai bi sawun sauyin ba.

A duba abin da ake nema daga mutumin da ya zo aika kaya ta EMS, wato saƙon gaggawa na gidan waya, ko ta rajista. Zai ba da cikakken sunansa da adireshin gidansa da lambar wayarsa, zai ba da na wanda zai karɓa, zai faɗi abin da ke cikin ƙunshin da kimar kuɗinsa, kuma mai karɓa zai nuna katin shaida kafin a miƙa masa. Idan kayan za su ƙetare iyaka ne, akwai takardar kwastan da ake kira CN22 ko CN23, wadda a kanta ake zayyana kayan dalla-dalla. Tun daga farkon 2021 kuma, ƙa'idojin Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a birnin Bern a 1874 kuma Najeriya take cikinta, sun wajabta a riƙa tura waɗannan bayanai ta kwamfuta zuwa ƙasar da kayan za su sauka tun kafin su isa. Wannan yana nufin akawun da ke zaune a gidan wayar Kano ko Gusau ko Azare ya san wane ne yake da ɗa a Ingila, da wace ce ake aiko wa wayar hannu mai tsada daga Saudiyya, da wane gida ne ake kai wa takardun kotu, da wanda ake aiko wa magani duk wata, duk ba tare da ya taɓa bakin ambulan ba.

Wani zai ce ai suna da lambar waya ba sirri ba ne, kowa a unguwa ya sani. Gaskiya ne idan aka ɗauke su ɗai-ɗai. Haɗarin yana cikin haɗuwarsu wuri guda tare da lokaci. Saƙon damfarar nan da ya zama ruwan dare a duniya, wanda ake turo wa mutum a waya cewa an riƙe kayansa sai ya biya wani ɗan kuɗi, mutane da yawa sun gane shi suna share shi. Amma idan ɗan damfara ya kira mutum da cikakken sunansa, ya faɗa masa lambar bin sawun kayansa ta gaskiya, ya ambaci sunan ƙanensa da ya aiko daga Dubai, to da wuya mai hankali ma ya tsira. A yankunanmu da masu garkuwa da mutane ke neman labarin wanda ke da hali da wanda ke da ɗan'uwa a ƙasar waje, jerin adireshin gidajen da ake kai wa kaya masu daraja abu ne da za a iya saye da kuɗi. Akwai kuma cutarwar da ba ta kuɗi ba, kamar matar da ta bar garinsu saboda tsohon mijin da ke yi mata barazana, wadda sabon adireshinta yake cikin littafin rajista, ko mai jinyar da ba ya son dangi su san daga wane asibiti ake aiko masa da takarda. Mun kuma ga a 2024 yadda 'yan jarida da ƙungiyar Paradigm Initiative suka bankaɗo shafukan intanet da ke sayar da bayanan lambar NIN ta mutane a kan naira ɗari ko ɗari biyu. Wannan bai shafi gidan waya ba, amma ya nuna mana cewa kasuwar tana nan tana ci, kuma masu saye ba sa tambayar daga wane ofishi kayan suka fito.

Dokar 2023 ta zo da ƙa'idoji da ba su da wuyar fahimta idan aka fassara su zuwa aikin yau da kullum. Ta ce a karɓi bayanin mutum domin wata manufa sananniya, kada kuma a yi amfani da shi domin wata manufa da ta saɓa wa ta farko. Ta ce a karɓi iya abin da ake bukata kawai, a tabbatar daidai yake, kada a ajiye shi fiye da lokacin da ake bukatarsa, a kuma tsare shi daga ɓacewa da sata da idon wanda ba shi da hurumi. Ta ba mai bayanin damar ya tambayi abin da aka ajiye a kansa, ya nemi a gyara kuskure, ya kai ƙara gaban Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, har ma ya nemi diyya a kotu idan an cutar da shi. Yarjejeniyar gidajen waya ta duniya ma tana da irin wannan tanadi, cewa bayanan masu hulɗa da gidan waya ba a amfani da su sai domin abin da aka tattara su dominsa. Saboda haka lambar wayar da yarinya ta rubuta a fom domin a sanar da ita isowar takardunta na makaranta, an karɓe ta ne domin wannan kaɗai. Ma'aikacin da ya kwafe ta ya kira ta da daddare da sunan gaisuwa ya karya doka, ko da bai yi nufin wani mugun abu ba, kuma ya kamata a gaya masa haka ƙarara tun ranar da ya kama aiki.

Yawancin abin da ake bukata daga ma'aikaci ƙananan halaye ne da ba sa cin kuɗi. Littafin rajista da ake ajiyewa a buɗe a kan kanta, kowa ya zo ya sa hannu yana karanta sunaye da lambobin waɗanda suka riga shi, ya kamata a rufe layukan baya ko a ba kowa takardarsa daban. Ɗaukar hoton fom ko katin shaidar abokin hulɗa da wayar ma'aikaci ta kansa, a tura wa abokin aiki ta WhatsApp domin a gaggauta aiki, ya zama al'ada a ofisoshi da yawa na gwamnati da masu zaman kansu, kuma illarsa ita ce hoton yana zama a wayar har bayan an sauya wa ma'aikacin wurin aiki, ko ya sayar da wayar, ko an sace ta. Lambar sirrin shiga kwamfuta da mutum biyar suke amfani da ita tana hana a gane wanda ya duba bayanin wane, kuma idan ɓarna ta auku sai laifin ya faɗa kan wanda sunansa ke kan lambar, ko da ranar yana hutu. Tsofaffin fom da rasit da kwafen katin shaida kuwa, ƙonawa ko yayyagawa ake yi idan wa'adinsu ya cika, domin duk wanda ya saba sayen ƙosai ko gyaɗa a ƙasar nan ya san irin takardun ofis da ke ƙarewa a hannun masu talla. Sai kuma baki. Hirar majalisa da yamma, inda ake cewa ai yau an kawo wa wane takarda daga kotun shari'a, ita ma fitar da bayani ce, kuma babu na'urar da za ta iya tare ta sai tarbiyyar ma'aikacin.

Inda aikin ya fi wuya shi ne wurin cewa a'a ga wanda ake jin nauyinsa. Mu mutane ne masu kunya da girmama na gaba, kuma ƙaramin ma'aikaci a garinsu yake aiki, cikin danginsa da surukansa da waɗanda suka taimaka aka ɗauke shi. Idan wani Alhaji mai faɗa a ji ya zo ya ce, “Yaro, duba mini wa yake aiko wa 'yata saƙo,” ko kawu ya ce a ba shi sabon adireshin wanda yake bi bashi, ƙin yi yana kama da rashin ladabi. Amma amanar ba ta ma'aikacin ba ce balle ya yi kyauta da ita. Musulmi daga cikinmu sun san umarnin da ke cikin Suratun Nisa'i na mayar da amana ga masu ita, da hanin da ke cikin Suratul Hujurati na bin diddigin sirrin mutane, kuma ban san wani addini ko al'ada ta ƙasar nan da ta halatta tona abin da aka ba ka ajiya ba. Abin da zai taimaki ma'aikaci a irin wannan yanayi shi ne ƙa'ida rubutacciya da aka manna a bango, wadda zai nuna ya ce, “Ranka ya daɗe, ba ni ne na hana ba, dokar aiki ce, kuma idan na yi korata za a yi.” Dattijo mai mutunci zai karɓi wannan uzuri.

Haka lamarin yake game da jami'an tsaro. Babu mai musun cewa doka ta ba hukumomi irin su kwastan da NDLEA ikon binciken kayan da ake zargi, kuma dokar 2023 kanta ta yi tanadi na musamman domin binciken laifuffuka da tsaron ƙasa. Sai dai wannan iko na hukuma ne, ana bi ta hanyarsa a rubuce, ba na duk wanda ya shigo ya nuna kati ya ɗaga murya ba ne. A Amurka, tun 1878 Kotun Ƙoli ta yanke cewa wasiƙar da aka liƙe ba a buɗe ta sai da sammacin kotu, kuma hatta rubuta abin da ke bayan ambulan ɗin wani domin bincike sai an nema a rubuce daga sashen bincike na hukumar gidan wayarsu. Akawunmu yana bukatar ya san iyakarsa kamar haka: ya kai mai neman bayani wurin shugaban ofis, a karɓi takardar neman, a rubuta abin da aka bayar da wanda aka ba da kuma ranar. Wannan yana kare mai saƙo, yana kuma kare akawun daga sojan gona.

Akwai wata al'ada tamu da ke bukatar a yi mata kallon adalci. Saboda gidaje da yawa ba su da lamba, kuma ba kowa ke da akwatin gidan waya ba, an daɗe ana aika wasiƙa ta hannun shugaban makaranta, ko mai unguwa, ko limami, ko wani ɗan kasuwa da ya yi suna. Wannan tsari ya yi wa jama'a hidima shekaru aru-aru, kuma ba na cewa a soke shi. Abin lura shi ne, idan mai aikawa da kansa ya rubuta a bi ta hannun wane, ya yarda da hakan. Amma masinja ya ga dama ya bar wasiƙar rajista a shagon bakin layi don ya gaji da neman gida, wannan shawararsa ce shi kaɗai, kuma mai wasiƙar bai ba shi izini ba.

Dokar ta kuma ce idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, wajibi ne a sanar da Hukumar Kare Bayanai cikin sa'o'i 72 daga lokacin da aka gano, idan kuma haɗarin babba ne a sanar da su mutanen nan take. Wannan wa'adi ba zai taɓa cika ba idan ƙaramin ma'aikaci yana tsoron faɗa. Jakar wasiƙu ta faɗi daga babur, littafin rajista ya ɓace, ko wani ya danna saƙon imel na bogi a kwamfutar ofis, abin da aka saba shi ne a yi shiru a yi fatan kada a gane. Dole shugabanni su bambanta tsakanin wanda ya yi kuskure ya kawo rahoto da wuri, da wanda ya sayar da bayani da gangan. Na farko a gode masa a gyara, na biyu a hukunta shi a kuma sanar. Dokokin aikin gwamnati sun riga sun sanya fitar da bayanin ofis ba da izini ba cikin manyan laifuffuka, sai dai an saba fahimtar hakan a matsayin kare sirrin gwamnati. Ya kamata a fahimtar da ma'aikata cewa fom ɗin talaka ma yana ciki.

Ba adalci ba ne a ɗora komai a kan akawu da masinja, kuma dokar ba ta yi haka ba, domin ta ce ma'aikata ce ke ɗaukar alhakin abin da ma'aikatanta da wakilanta suka aikata a bakin aikinta. Wanda ba a ba shi akwatin ajiya mai makulli ba, ba za a tuhume shi da barin takardu a fili ba, kuma wanda ofishinsa ba shi da intanet mai aiki, da wayarsa zai yi aikin ko ana so ko ba a so. Manyan masu riƙe da bayanai wajibi ne su naɗa jami'in kare bayanai, kuma tarar da doka ta tanada a kansu tana iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Hukumar Kare Bayanai, wadda Dakta Vincent Olatunji ke jagoranta, ta nuna cewa ba wasa take yi ba, tun da a watan Agustan 2024 ta sanar da cin tarar bankin Fidelity fiye da naira miliyan 555, a 2025 kuma ta sanar da ta fiye da naira miliyan 766 a kan kamfanin talabijin na MultiChoice. Da yake NIPOST da wannan hukuma duk suna ƙarƙashin Ma'aikatar Sadarwa da Tattalin Arzikin Zamani ne, jama'a za su zuba ido su ga ko za a auna ma'aikatun gwamnati da mudun da ake auna kamfanoni. NIPOST kuma ita ke ba kamfanonin kai saƙo masu zaman kansu lasisi, don haka ba za ta iya neman su da abin da ita ba ta yi a gidanta ba.

Akwai darasi daga ƙasashen da suka riga mu. A 2014 masu kutse sun kwashi bayanan ma'aikatan gidan wayar Amurka kimanin dubu 800, abin da ke tunatar da ma'aikatanmu cewa fayil ɗinsu na albashi da fansho ma yana cikin abin da ake karewa. A 2018 kuma an gano wata ɓaraka a shafin intanet na gidan wayar Amurkan, wadda ke iya bayyana bayanan masu amfani da shi kusan miliyan 60. Amma wanda ya fi dacewa mu yi nazari shi ne na Ostiriya, inda a 2019 aka gano gidan wayar ƙasar yana amfani da adireshi da shekarun mutane wajen hasashen jam'iyyar da fiye da mutum miliyan biyu suke so, yana sayar wa masu talla da 'yan siyasa. An ci shi tarar yuro miliyan 18, kotu ta soke tarar a 2020 bisa dalilin ƙa'idar shari'a, amma shari'o'in da suka biyo baya sun ɗauki shekaru. A can babu ɓarawon da ya fasa ofis, hukumar ce da kanta ta ga hanyar samun kuɗi. Yanzu da NIPOST take ƙoƙarin dogaro da kanta, tana kuma aikin tantance adireshi da sabunta lambobin yanki, rumbun adireshin da za ta tara zai yi daraja sosai a idon masu talla da masu neman ƙuri'a, kuma gara a shata iyaka tun kafin masu tayi su fara zuwa.

Na san akwai masu cewa gidan waya ya mutu, kowa ya koma WhatsApp da motocin tasha. Wasiƙar gaisuwa kam ta tafi, amma abin da ya rage shi ne mafi nauyi: takardun shaidar karatu, takardun kotu, takardun fili, kayan da aka saya ta intanet, da saƙonnin 'yan'uwanmu mazauna ƙetare. Abin da gidan waya na gwamnati zai iya fin direban tasha da shi kuwa shi ne rasit, da lambar bin sawu, da tabbacin cewa akwai wanda za a kama idan an ci amana.

Saboda haka ina kira ga Shugabar NIPOST, Tola Odeyemi, wadda aka naɗa a watan Oktoban 2023, da ta sa a rubuta ƙa'idar kare bayanai a taƙaice, shafi ɗaya ko biyu, a fassara ta zuwa Hausa da sauran manyan harsunan ƙasa, kowane ma'aikaci ya karanta ya sa hannu, har da na wucin gadi da masu kai saƙo a babur da wakilan da ke gudanar da ƙananan ofisoshi a ƙauyuka. Horon kada ya tsaya a otal-otal na Abuja ga manyan jami'ai, a kai shi ofisoshin jihohi inda ake cike fom. A kuma manna sanarwa a kowace kanta, da boko da ajami a inda ya dace, mai bayyana abin da ake karɓa daga mutum, da dalilin karɓarsa, da tsawon lokacin da za a ajiye shi, da lambar da zai kira idan ya ga an yi wasa da bayaninsa. Ita kuma Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, ina roƙonta ta sanya gidajen waya cikin wuraren da take kai ziyarar duba aiki, ta kuma riƙa bayyana wa jama'a abin da ta gani.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya, Jihar Kaduna